Hagun Mai Fenti

Duk wanda ya taɓa yin aski ko ya sayi kifi a layin bayan tasha ya ga aikin Mai Fenti, ko da bai san shi ba. Shi ya zana kan mutumin nan mai sabon aski a ƙofar shagon mai aski. Shi ya zana kifin da ke allon mai firji, har da ɗigon ruwa a jelarsa. Shi ya rubuta "Ba a fitsari a nan" a katangar makaranta, da haruffa masu kyawun da sai da mutane suka yi wata guda suna jin kunyar yi. Shagonsa ɗan ƙarami ne, tsakanin tela da mai shayi: benci ɗaya, gwangwanayen fenti jere bisa kanta, kwalbar kananzir da burusa ke kwana a ciki, sai tsani mai gajeriyar ƙafa da ake tokarewa da bulo. Warin fenti ya kama jikinsa, har matarsa kan ce ko maza ɗari aka jera mata ta rufe ido, da hanci za ta tsamo nata.

Bahago ne, amma sai ka zauna da shi za ka sani. Tun yana yaro mahaifinsu ya sa wa hannun nan ido. In ya miƙa hagu zai karɓi abu, a buge shi. In ya kai shi kwano, a buge shi. Haka ya tashi yana ci da dama, yana gaisawa da dama, yana rubutu da dama. Zane ne kaɗai ya ƙi ƙaura. Da dama yake buɗe gwangwani ya motsa fenti, amma da ya hau tsani sai burushi ya koma hagu da kansa.

Yana da wata ɗabi'a a aiki wadda ta sha jawo masa asarar ciniki: ba ya zana fuskar mutum daga hoto. Sai ya zaunar da kai a benci, ya yi ta jan ka da hira yana kallonka, sannan ya sallame ka ya zana daga ka. Kuma duk abin da idonsa ya ɗauka sai hannunsa ya ajiye. Mahauci ya taɓa dawo masa da allo yana huci, wai an sa masa ido ɗaya yana kallon gabas ɗaya yana kallon tasha.

"To ai haka kake," in ji Mai Fenti.

"Na sani! Don haka na kawo maka aikin, ba don ka tuna min ba!"

Fuska ɗaya ce ya yi shekaru yana zanawa ba tare da ya sake ganin mai ita ba, fuskar ɗan takarar shugaban ƙasa da kowa ke kira Hedimasta, saboda aikin da ya fara yi kafin siyasa. Sau ɗaya Mai Fenti ya gan shi, tun 'yarsa tana goye. Ranar an turo katafila ta rushe shagunan layin. Ta riga ta cinye rumfunan farko, mata na ihu, kwanon rufi na ƙara yana lanƙwashewa. Sai ga wani dogon mutum ya fito daga mota, ya taka har gaban bakin katafilar, ya naɗe hannu a ƙirji. Direban ya yi ta taka mai don ya tsorata shi, hayaƙi ya rufe su. Da hayaƙin ya washe, mutumin yana nan tsaye. Shagon Mai Fenti ne na gaba a layi.

Tun daga nan, duk zaɓe sai ya zana shi a doguwar katangar sito da ke kallon tasha, da fentinsa, ba wanda ya sa shi. Hedimasta ya yi ta faɗuwa zaɓe yana sake tsayawa. Fuskar da ke katanga kuwa ba ta taɓa tsufa ba: baƙin gashi, miƙaƙƙen wuya, idanu masu tsayar da katafila.

A wannan zaɓen abubuwa sun canza. Iska ta juya, kowa na cewa Hedimasta zai ci, manyan gari suka yi ta tsallakowa jam'iyyarsa. Cikinsu har da ɗan kwangilar nan da ya turo katafilar, wanda yanzu shi ne Ciyaman ɗin jam'iyya na yankin. Ba wanda bai san shi da zobensa ba, mai koren dutse kamar murfin kwalba. Kuma a ƙarƙashinsa ƙanin Mai Fenti yake aiki, shi ne shugaban 'yan bangar jam'iyya. A titi Kwamanda ake ce masa, yara na darewa in sun ji babur ɗinsa. A gida Auta ne. Mai Fenti ne ya rene shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya koya masa haɗa launi, kafin Auta ya gano cewa riƙe gora ya fi riƙe tsani kawo girma.

Auta ne ya zo da albishir cewa Hedimasta zai yi gangami a filin ƙwallo.

"Na samo maka wuri gab da dandamali, Yaya. Zo ka wanke idonka, ka yi mana sabon zane. Wancan na katanga ai tun yana saurayi."

Mai Fenti ya sa rigarsa da ba ta da ɗigon fenti ya tafi. Kafin ya kai gaba sai da ya ga an fasa wa wani kai da gora don ya taɓa igiyar da aka kange jama'a da ita. Yaran Auta suna tsula wa mutane bel suna buɗe hanya, wata mata ta faɗi aka bi ta kanta, takalminta ɗaya ya rage a ƙasa cikin jini. Duk wannan a tsakanin magoya baya ne, masu hula iri ɗaya. Ya daure ya kai bakin dandamali, ya ɗaga kai.

Hawo da Hedimasta aka yi. Kumatun sun zurma, fatar ido ɗaya ta sauko ta rufe rabi, gefen baki ya jiƙe, wani na gogewa da hankici. A gwiwar hannunsa akwai wani hannu mai koren zobe. In hannun ya matsa, Hedimasta ya ɗaga nasa, jama'a su ɗauki ihu. In ya sake matsawa, ya sauke. Da aka kai masa abin magana ya gaishe su da sunan wani gari daban, aka yi tafi duk da haka. Idanunsa suka bi ta kan Mai Fenti. Su ne dai, ya gane su. Amma yanzu kallon mai neman ƙofar fita suke yi.

Da ya koma gida ya zauna gaban shinkafa bai taɓa ba. Matarsa ta gaji da jira.

"Ka gan shi?"

"Na gan shi."

"To?"

"Ya tsufa, Maman Digiri."

Digiri sunan tsokana ne da yake kiran 'yarsa da shi tun da ta gama jami'a ta dawo gida zaman jiran aiki. Tana bakin ƙofa tana wankin kwanuka.

"Baba, tun yaushe nake gaya maka? Kai ne kake kallon katangarka."

"Ke da kika cinye littattafan duniya, wa za ki zaɓa?"

Ta ci gaba da murza kwanon da ya riga ya fita.

"Shi," ta ce. "Waɗanda ke kan mulki su suka turo a harbe mu a ƙofar makaranta. Ina riƙe da mayafin ƙawata ta faɗi. Shi zan zaɓa. Amma ina fitowa zan wanke hannuna da sabulu."

Washegari ya tokare tsani da bulo ya hau. Bai hau da niyyar tona asirin kowa ba. Ya shafe tsohon zanen, ya fitar da sabon da alli, ya ce a ransa zai rage wani abu ya ƙara wani abu, ai mutumin ya cancanci a rufa masa. Amma hagu bai san wannan lissafin ba. Ya zurma kumatu. Ya sauko da fatar ido. Ya sa idanun da ya sani, da duk gajiyar da ke cikinsu. Da ya zo gwiwar hannu, sai ga yatsu sun fito daga gefen katanga sun riƙe ta, ga koren dutse yana ƙyalli. Ya sauko ya ja baya ya duba. Bai taɓa yin aiki mai kyawun wannan ba.

Kafin la'asar mutane sun taru. Ba hayaniya, kowa ya tsaya da hularsa ta jam'iyya yana kallo.

"Wallahi na ga hannun nan a talabijin," in ji mai shayi. "Na ce ko idona ne."

"Ni dai zan zaɓe shi," tela ya ce, allura a bakinsa. "Amma in ya ci, wa muka zaɓa? Shi, ko mai zoben?"

Wani direban tasha ya juyo a fusace. "Ku rufe mana baki! Ni ko gawarsa aka kawo, ita zan dangwala wa."

"To ai saura kaɗan," in ji tela.

Aka yi 'yar dariya, ta mutu nan take. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta sauke farantinta, ta daɗe tana kallon fuskar, hawaye na bin kumatunta.

"Ku bar bawan Allah ya je ya huta mana," ta ce. "Me ya yi muku?"

Samari suka ɗaga wayoyi suna ɗauka.

Da yamma babur ɗin Auta ya tsaya a ƙofar gida. Ya shigo da fara'ar da ya saba.

"Matar Yaya, ba abinci ne? Mijinki na gaskiya ya zo."

"Sai ka ajiye wuƙar nan a waje tukuna, miji ba ya shigo min da makami."

Ya yi dariya, amma bai zauna ba. Ya ja yayansa gefen randa, ya rage murya.

"Yaya, ka san zoben wa ka zana?"

"Abin da na gani na zana."

"Hoton ya zagaye gari. 'Yan ɗaya ɓangaren sun ɗauka suna yaɗawa, wai ga shaida daga bakin masoyinsa. Ciyaman ya jefi direbansa da waya da ya gani."

"Ni na Hedimasta ne tun kana fitsarin kwance, Auta. Shi mai zoben yaushe ya zo?"

"Ba wannan ake tambaya ba!" Auta ya share gumi da hularsa. "Bai ce a goge katanga ba. Cewa ya yi hannun da ya zana zoben nan yake so. Na durƙusa na roƙe shi. Ya ba ni zuwa azahar gobe. Ka shafe, ka mayar mana da saurayin nan. Don Allah, Yaya. Don darajar Baba."

Mai Fenti ya dubi hagunsa. Akwai kore a ƙarƙashin farcen.

Shi ba jarumi ba ne, bai taɓa cewa shi jarumi ne ba. Da safe ya ɗauki tsani da gwangwanin shuɗi ya nufi katanga. Ya yanke a ransa zai shafe yatsun da zoben, ya bar su su nutse cikin launin riga. Fuskar ce bai san yadda zai yi da ita ba. Ya tsuguna a gindin katanga yana motsa fenti da tsinke, da hannun dama kamar kullum, yana ɗaga kai yana saukewa. Fentin ya daɗe da haɗuwa, bai daina motsawa ba.

Rana ba ta ko kai tsaka ba motar ta iso. Buɗaɗɗiya ce, cike da samari da ba wanda ya san fuskarsu. Ciyaman bai amince da yaran Auta a kan wannan aikin ba, daga wani gari ya ɗauko. Tun motar ba ta tsaya ba suka diro, da gora, da adda, da rodi.

Teburin mai shayi suka fara kifarwa. Tukunyar ruwan zafi ta juye masa a ƙafa, ya faɗi yana birgima cikin gwangwanayen madara. Wani ya ɗaga keken ɗinkin tela ya maka da ƙasa, kan ya rabu da gindi. Masu shaguna suna ta jan ƙofofi, adda na sauka a kan ƙarfe tana tartsatsi. Tsohuwa mai gyaɗa ba ta iya gudu ba, aka ture ta cikin kwata.

Mai Fenti ya miƙe da tsinken a hannu. Babbansu, wani mai tabo daga kunne zuwa haɓa, ya dubi katanga ya dube shi.

"Kai ne gwanin?"

"Yanzu zan gyara. An ba ni zuwa azahar."

"Agogonmu ya yi sauri."

Gorar farko a baki ta same shi. Ya ji haƙori ya fita ya tsaya bisa harshensa. Ta biyu a ƙeya. Gwangwanin ya kife, shuɗi ya malale, ya faɗa a ciki rubda ciki. Abu ɗaya ya tuna: ya tura hagu ƙarƙashin cikinsa ya danne da duk nauyinsa. Suka yi ta shuri a haƙarƙari, a kunne, a gadon baya. Yana jin jini na fita daga bakinsa yana shiga fenti, yana ganin yadda launin ke komawa wani iri da bai taɓa haɗawa ba. Bai ɗaga ciki ba.

"Ku kawo bulon can," in ji mai tabo.

Suka janye bulon da ke tokare tsani, tsanin ya faɗi. Mutum biyu suka birkice shi. Wani yaro mai jan ido ya fizgo hannun da ya ga ana ɓoyewa, ya shimfiɗa shi bisa bulo ya take wuyan hannun da takalmi. Mai Fenti ya ga yatsunsa a buɗe, koren nan a ƙarƙashin farce. Ya ji kansa yana roƙo, yana kiran yaron da "ɗana", yana kiran sa da "ranka ya daɗe". Mai tabo ya gyara riƙon rodi.

Sai ƙarar babur. Auta ya yar da shi bai ko kafe ba, tayar na juyawa. Ya ratso cikinsu ya kwaɗa wa mai jan idon mari.

"Kai jaki, me kake yi?"

"Oga ya ce hannu."

"Wane hannu? Ka taɓa ganin mai zane da hagu? Ku fasa wannan, gobe ya tashi ya sake zana Oga, ku ce kun yi aiki? Da wanne kuka same shi yana motsa fenti?"

Samarin suka dubi juna. Ɗaya ya ce da dama. Mai tabo bai gamsu ba. Ya juya ga mutanen da suka maƙale a bakin shaguna, mutanen da suka yi shekaru suna ganin Mai Fenti bisa tsani.

"Da wanne yake aiki?"

Ba wanda ya motsa. Ya taka ya kamo tela ta wuyan riga, ya ɗora masa wuƙa a maƙogwaro har fata ta tsage.

"Kai maƙwabcinsa ne. Da wanne?"

Fitsari na bin wandon tela. Ya haɗiyi yawu a kan wuƙar.

"Da dama, ranka ya daɗe. Kamar kowa."

Aka saki hagu, aka ɗora dama bisa bulo. Mai tabo ya yi murmushi, ya miƙa wa Auta rodin.

"An ce yayanka ne. Oga ya ce a duba ko kai namu ne." Ya yi wa wani alama ya ɗaga waya.

A lokacin Digiri da mahaifiyarta suka iso da gudu, ba mayafi. Digiri ta ƙwalla ƙara, "Baffa Auta! Baffa!" Uwar ta toshe mata baki da tafin hannu, ta ƙanƙame ta.

Auta ya karɓi rodin. Ya dubi yayansa ido cikin ido. Mai Fenti ya ga fuskar yaron da yake goyawa zuwa makaranta, ya ga leɓensa na ƙasa yana rawa kamar yadda yake yi in zai yi kuka. Sannan rodin ya sauko.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara. Zafin ne ya hau har cikin idonsa ya mayar da rana fara fat. Ya ji ihu, ya daɗe kafin ya gane nasa ne.

"Ƙara," in ji mai tabo. "Ban ga ƙashi ba."

Auta ya ƙara. Ya sake ƙarawa. Da ya jefar da rodin, abin da ke bisa bulo bai yi kama da hannu ba.

Kafin su tafi suka watsa wa katangar farar ƙasa da tsintsiya, suka manna fastocin Hedimasta mai baƙin gashi yana murmushi. Tela ne, da jini a wuyansa, da direban nan mai cewa ko gawa zai zaɓa, suka ɗauki Mai Fenti a kan ƙyauren shago zuwa asibiti. Likita ya cire yatsu biyu. Sauran, ya ce, suna nan amma ba za su ƙara lanƙwasuwa ba.

Ana saura 'yan kwanaki zaɓe Auta ya shigo ta ƙofar baya da tsakar rana. Ya rame. Matar yayansa tana yanka albasa, ta miƙe da wuƙar a hannu.

"Fita."

"Matar Yaya..."

"Ba ni da ƙanin miji. Fita kafin in yi abin da za a ɗaure ni."

"Bar shi," Mai Fenti ya ce daga ɗaki.

Auta ya tsuguna a bakin ƙofa, bai shiga ba. Ya daɗe yana kallon hannun da ke rataye cikin farin bandeji.

"Na bar maka hagu, Yaya."

"Na gani."

"Da ban yi ba, duka biyun za su fasa. Wataƙila su haɗa da kai."

"Na sani, Auta."

"Amma kada kowa ya gan shi da burushi. Ko alli. In Ciyaman ya ji an yaudare shi, da ni zai fara, sannan tela, sannan ya dawo ya karɓi ragowar."

"Har yaushe?"

Auta ya sunkuyar da kai. "In mun faɗi, ba zai kwana a ƙasar nan ba, shari'o'i na jiran sa. Ka ga sai ka ci gaba da aikinka. In mun ci..." Bai ƙarasa ba.

"In mun ci, shi ne gwamnati."

"Shi ne."

"Wato in ɗan takarana ya ci, na gama zane ke nan."

Auta ya tashi ya fita yana share ido da hular jam'iyya.

Ranar zaɓe layin bayan tasha ya fito gaba ɗaya. Mai shayi na ɗingishi da ƙafa a naɗe, tela da filasta a wuya, tsohuwa mai gyaɗa da sanda. Ba mai waƙa, ba mai hula. Suka matsa wa Mai Fenti ya wuce gaba. Jami'ar zaɓe ta dubi hannunsa ta ce, "Sannu, Baba. Yi da hagu, ka iya?" Ya ce zai gwada. Ya karɓi takardar da ɗan kakkarwa kamar wanda bai saba ba, don akwai idanu a wurin.

A bayan labule ya shimfiɗa ta. Ga alamar masu mulki a sama. In ya dangwala nan, ya dangwala wa hannunsa. Ya ɗora yatsa a tawada ya kai kusa. Sai ya tuna Digiri riƙe da mayafin da ba kowa a ciki. Ya sauko ƙasa, ga alamar Hedimasta. Ya ga yatsu masu koren zobe. Ya ga bulo. Ya ga hayaƙi yana washewa, dogon mutum tsaye, shagonsa na gaba a layi. Tawadar ta fara bushewa a yatsansa. Wani daga waje ya ce, "Lafiya, Baba?"

Ya danna wa Hedimasta.

A hanyar gida matarsa ta dube shi ta gefen ido.

"Kar ka gaya min."

"Shi na zaɓa."

"Na ce kar ka gaya min." Ta yi taku kaɗan. "Ni ma shi. Allah Ya isa tsakanina da su."

Digiri tana gaba, ba ta juyo ba. Suna shiga gida ta wuce wajen randa ta ɗauki sabulu.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi aka faɗi sakamako, a rediyon mai shayi. Mutanen layin sun kewaye teburin da aka ɗaure ƙafarsa da waya. Da mai sanarwa ya gama, mai shayi ya rage murya.

"Mun ci," ya ce, kamar mai kai saƙon rasuwa.

"Alhamdulillahi," in ji direba, yana kallon ƙasa.

Can babban titi aka fara harbi sama, babura na ta hon. Mai Fenti ya tashi ya tsallaka zuwa katangar sito. Fastocin sun fara ɓanɓarowa, farar ƙasar kuwa da gaggawa aka shafa ta, ba ta kama ba. Ana ganin idanun tsohon daga ƙarƙashi, da wani ɗan kore a wajen gwiwar hannu. Ya lura inuwar da ke ƙasan ido ɗaya ta yi nauyi kaɗan, tana son a sassauta ta. Kafin ya ankara hagunsa ya tashi, yatsu uku a haɗe kamar suna riƙe da burushi.

"Mai Fenti!" tela ya kira da ƙarfi daga tsallake. "Shayinka na hucewa!"

Jerin babura ya karyo kwana, Auta a gaba, mai tabo a bayansa yana kaɗa tuta. Mai Fenti ya sauke hannun, ya cusa shi cikin aljihu, ya damƙe yadin daga ciki. Ya tsaya a haka har suka wuce.